Kujerar da Yaya Sani Ya Bar Mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sani makwancinsa, Allah Ya jiƙansa, kuma har yau a kujerarsa nake zaune, a wani kamfanin fiton kaya da ke Bonanjo.

A zamaninsa haka aiki ke yaɗuwa a unguwarmu ta New Bell: mutum ɗaya ya samu shiga ofis, sai ya jawo na bayansa. Yaya ya mai da abin doka. Duk Juma'a bayan an sauko, sai ya zauna a zaure yana karɓar dosiye, wato takardun neman aiki, yana gyara wa masu neman aiki Faransancinsu da jan biro, yana yi musu tsiya. Ta hannunsa rabin layinmu suka ɗaura taye. Kasuwa kuwa bai ɗauke ta aiki ba. In ya ga mai takardar boko yana auna yadi a Marché Congo, sai ya ɓata rai kamar an yi masa rasuwa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya roƙi shef, shugaban ofishin, ya ba ni gurbinsa, da sharaɗin in riƙe wa 'yarsa Hadiza kujerar har ta gama karatu. Na amsa. Sau biyu aka yi mini tayin aiki a Kribi lokacin da aikin jiragen ruwa ya fara buɗewa a can, sau biyu na ƙi. Abokaina suka tafi, ni ina gadi. Bara shef ya ce ranar da na yi ritaya za a ɗauke teburin, kwamfuta ta ishe su. Wata uku kunya ta hana ni gaya wa Hadiza.

Ashe ita ta daɗe da wuce batun kujera. Atamfa take sayarwa ta waya, 'yan babur uku na Bépanda ke kai wa masu saye, ga teloli biyu 'yan layinmu. Da na daure na faɗa mata, sai ta yi murmushi.

"Baffa, ai ni ban taɓa son kujerar nan ba. Na zaci kai kake son ta, shi ya sa na yi shiru."

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Yadin zai ɓata masa rai, na sani, amma in ya ga mutum biyar suna cin abinci ta hannunta, zai gane halinsa ne. Gadon da ya bari ke nan, kuma ba wurina ya zo ba. Abin yana ci mini rai.

Shekarata hamsin da bakwai, Kribi ba ta sake kira ba. Gobe Litinin da sassafe zan ɗaura taye, in je in ci gaba da gadin kujerar da babu mai zuwa karɓa.