Mai Sharar Busasshiyar Magudana

"Hajiya, ni fa na gaji, karatun nan ya ƙi ƙarewa." Haka jikata ta ce min ɗazu, ta ture littafinta gefe. Sai na tuno kakanta, maigidana, Allah ya jiƙansa, na ba ta labarinsa.

A shekarun saba'in ne, muna wani ƙauye kusa da Bunkure. An haƙa magudanan noman rani, amma gonarmu tana can ƙarshe, ruwa bai taɓa isowa ba. Maza duk suka watse ci-rani cikin Kano. Shi kuwa kullum da safe sai ya saɓa shebur, ya je kwashe yashi da ƙaya daga busasshiyar magudanarmu. Ga hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu.

Rannan haushi ya ishe ni, na ce, "Malam, wai don Allah wa kake yi wa shara? Baƙon da ba zai zo ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Zuwansa ba a hannuna yake ba. Amma ran da ya zo, ba zai tarar da hanya a toshe ba."

Sai da rani ya sake zagayowa ruwan ya iso. Magudanan maƙwabta duk sun cike da yashi, ana ta rububin aron shebur. Tamu kuwa ruwa ya bi sumul har cikin gona. Tumatirin shekarar ne ya sa mana rufin kwano.

Da na gama, sai jikata ta jawo littafinta.

Ku fa, wace magudana kuke sharewa da har yanzu ruwanta bai iso ba?