Hoton da aka rataya a Gaweye

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru.

Mu a zamaninmu, in za a ɗauki mace hoto sai ta ci ado, ta tsaya ƙyam, ta ɗaure fuska. Mace ba ta kallon mijinta a gaban mutane, ko sunansa ba ta kira. Haka na zauna da Malam a unguwar Bukoki har furfura ta rufe mu.

To, ina da jika mace da ta koyi ɗaukar hoto a lakwal, wato makarantar boko. Lokacin da Malam ya tashi daga jinya, tana ta zirga-zirga a gidan da na'urarta, ban kula ba. Ashe ta ɗauke ni ina ba shi kunu, ina kallonsa, irin kallon da ban san fuskata tana yi ba.

Sai maƙwabciya ta zo mini da labari: an rataya hotona a wani zaure a Gaweye, ƙato kamar ƙofa, gobe za a buɗe, kowa ya shiga. Na tuna ƙannen Malam, na tuna surukaina maza masu ɗinki a Babbar Kasuwa. Da wane ido zan amsa gaisuwarsu? Na kira yarinyar, ta yi dariya, wai tsohuwa asirinki ya tonu. Ban ci tuwo ba ranar.

Da safe na hau taksi, ina ta shirya maganar da za ta sa yarinyar ta sauke hoton. Aka sauke ni a bakin zauren. Na shiga, sai ga Malam da sandarsa a gaban hoton. Ashe yarinyar ta riga ni, ta kawo shi. Na ja mayafi na rufe baki, ina jira ya ce an zubar mana da mutunci.

Ya daɗe bai juyo ba. Sannan ya ce, "Hajiya, ni lokacin idona yana kan kunun."

Na ce a sauke. Ya ce wa yarinyar, a hankali, ta bar shi.

Surukaina sun je sun gani, har yau ba wanda ya tayar mini da zancen. Yarinyar tana Damagaram, tana ɗaukar hoton mata masu daka. Malam ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ina nan Bukoki, ƙafa ta hana ni fita.