Na Bar Ta Ta Ci Waken Dodo Ita Kaɗai

Edita, a shekarun saba'in ni malamar firamare ce a Kafanchan, budurwa mai ji da kanta. Ni ke shirya wasan Kirsimeti a ikilisiyarmu, kuma yawan tafi ya riga ya kumbura mini kai. A lokacin ne wasu Turawa suka kama wani tsohon gida a bayan gari, suka tara masu zane da 'yan rawa da 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban, a zauna tare tsawon rani, kowa ya ƙirƙiro abinsa. Da suka nemi 'yar ƙasa, ni aka nuna. Ni kuma na jawo 'yar kawuna, malamar ɗinki mai 'ya'ya biyu da ke aure wajen Madakiya, don kawai in sami abokiyar hira da yarenmu.

Jigon da shugabar gidan ta ba mu shi ne halin da mata ke ciki. Na zauna na tsara wasa da Turanci mai nauyi, aka kalla, aka yaba mini sama-sama. Ita kuwa 'yar'uwar tawa ba ta rubuta ko harafi ba. A ƙauyukanmu mata ne ke dafa wa dodo wake da manja, su kai ƙofar bukkarsa, su durƙusa su juya baya. Kowace mace ta san mazanmu ne a ciki suke lashe akushin, amma ba mai faɗi. To, abin da ta yi ke nan a gwaji: ta kai waken gaban bukkar zana, wata 'yar Barazil tana busa gora a ɓoye kamar muryar dodo, sai ta miƙe ta yaye zanar, ta zauna ta kira mata a ci. Abin ya taɓa baƙin nan, har da mai share hawaye. Shugabar ta ce lallai da ita za su koma Turai a nuna wasan. Ni na kawo ta, ni ce mai Turanci, amma ita za ta hau jirgi?

Ranar kasuwa na haɗu da wan mahaifin mijinta, dattijon da bai taɓa taka coci ba, yana nan riƙe da al'ada. Na durƙusa na gaishe shi, na sassauta murya kamar mai tausayi, na ce ina tsoron abin da surukarsu za ta yi a gaban jama'a. Na zayyana masa komai, har ranar wasan. Lissafina za a hana ta ne kurum, a koma kan nawa.

Ba su hana ta ba. Ranar wasa dattawa suka zo da sandunansu, suka jeru a gaba. Ta fito da akushi, ta gan su. Duk da haka ta durƙusa, ta miƙe, ta yaye zanar. Da ta kira mata, ko ɗaya ba ta motsa ba. Sai ta juyo gare ni, ta kira ni yaya da yarenmu, ta ce in zo mu ci. Na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwali. Haka ta zauna ta ci waken nan ita kaɗai, loma bayan loma.

Dangin miji suka kore ta, suka riƙe yaran. Mijin yana sonta, amma bai iya ja da iyayensa ba. Ta bi baƙin, ta yi suna a can, an ce hassada ga mai rabo taki ce. Sai dai ban ga rabon da yaran suka samu ba. Babbar 'yarta ta zauna a ajina daga baya, kullum kanta ba kitso, tana tambayata yaushe mamanta za ta dawo.

Har 'yar'uwar tawa ta rasu a baƙuwar ƙasa ba ta san bakina ne ya kai maganar ba, ni take aiko wa gaisuwa a matsayin wadda ta buɗe mata hanya. 'Yan'uwana mata, in Allah ya ɗaga taku, kuka ji zuciya tana zafi, ku kama bakinku har ta huce. Ni na roƙi gafarar Ubangiji, amma har yau in an sa wake da manja a gabana, tashi nake yi.