Kwano Ɗaya a Bayan Labule

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da tsuntsu a sarari da tsutsa a cikin dutse, wanda babu mai rai face arzikinsa na wuyanSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta, wanda ya koya mana wanke hannu da ambaton Allah kafin loma, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni mutumin Dogon Dutsi ne, shekaruna sun haura saba'in, kuma mafi yawansu a zaure na cinye su ina biya wa masu neman ilimi littattafan fiƙihu. Ina so in rubuta labarin wani abinci da aka ajiye mini a cikin jirgin sama, domin jikokina sun dame ni da tambayarsa, kowa kuma da irin ƙarin da yake yi masa.

Ina da aboki Bafillace, makiyayi daga wajen Dogon Kiriya. Tun muna samari ya zo gidanmu da tambaya a kan zakkar shanu, mahaifiyata ta aiko mana da tuwo a kwano ɗaya, daga ranar kuma ba mu sake cin abinci a kwano biyu ba in dai muna wuri guda. Ranar kasuwa a zaurena yake sauka. Mun je ta'aziyya Kore Mairuwa a kan amalanke, mun je Sakkwato a bayan motar buhuna, duk guzurinmu a haɗe. Tun tafiyar farko ya naɗa ni shugaban tafiya, ya kuma ɗora wa kansa cewa ba zai sa hannu a abinci ba sai na yi bisimilla na fara. In an tambaye shi dalili, sai ya ce wai don in guba ce, Ba'are ya riga shi mutuwa. Mu Arawa da Fulani abokan wasa ne, ba a fushi da irin wannan.

Da girma ya kama mu, ciwon suga ya same shi. Akwai ƙwayar da yake haɗiya gab da cin abinci, likita kuwa ya ja masa kunne kada ya zauna da yunwa bayanta. Ranar da za mu tashi zuwa Umra, 'yarsa ta raka mu tasha, ta durƙusa ta ce mini, “Baba Malam, ga amana nan. Ka san halinai, in ba ka ce ya ci ba, ba ya ci.” Na ce mata na karɓa.

Ɗana na biyu, wanda ke aikin injiniya a ƙasar Larabawa, shi ya shirya mana tafiyar. Daga Yamai muka hau jirgi zuwa wani babban birni, a can muka canza zuwa wani mafi girma da zai yi awa bakwai a sama. A ƙofar shiga wani ma'aikaci ya karɓi takardar kujerata ya ba ni wata sabuwa yana murmushi. Ashe yawan tafiye-tafiyen ɗana ya ba shi damar ɗaga kujera ɗaya zuwa ɓangaren gaba, inda manya ke zama, sai ya yi wa ubansa ba tare da ya faɗa ba. Ban gane ba sai da muka shiga, aka nuna mini hagu, aka nuna wa abokina dama.

“Malam, ina za su kai ka?” in ji shi.

Na ce, “Wallahi ban sani ba.”

“To in yanka ne, ka gaya musu naman Ba'are tauri gare shi, kar su ɓata wuƙa.”

Mutane na tura mu daga baya, kowa ya bi inda aka nuna masa. Aka ja labule a tsakaninmu.

Wurin da aka kai ni ɗan ɗaki ne mai ƙofa da ake ja a rufe, da kujera wadda aka ce tana miƙewa ta zama gado. Ba zan ɓoye ba, raina ya yi daɗi. Gwiwoyina da suka sha matsi tun daga Yamai suka samu sarari, na riƙa shafa fatar kujerar kamar wanda ke taya doki.

Mai hidimar wurin mace ce mai matsakaicin shekaru, daga ƙasashen Magrib, wato na Larabawan arewacin Afirka. Ta miƙo mini ɗan tawul mai ɗumi da ƙamshi na goge hannu, sannan ta zo da faranti ɗauke da dogayen kofunan gilashi. A wasu akwai wani ruwa mai launin zinariya yana tsattsafo ƙananan kumfa. Na tambaye ta da Larabci ko mene ne. Ta yi dariya cikin ladabi, ta ce maganata kamar ana karanta mata littafi, sannan ta ce wannan giya ce, na gefe kuwa ruwan lemun tsami ne da na'ana'a. Na ɗauki na lemun. Na ɗan yi tunani a kan zama inda ake shan giya, sai na ga kowa da teburinsa da ƙofarsa, ba walima ɗaya muke ba, hankalina ya kwanta. Bayan mun tashi ta zo da gahawa mai ɗaci a ɗan finjali, da dabino manya masu laushi. Gahawar na sha, dabinon na ajiye a gefe.

Sai ta kawo ɗan littafi da aka rubuta sunayen abinci cikin harsuna uku, ta ce in zaɓa, in kuma faɗi lokacin da nake so. Wannan ya ba ni mamaki fiye da gadon. Tun da aka haife ni ba a taɓa tambayata yaushe zan ci ba. Abinci yana zuwa idan ya nuna. Na tambayi yanka, ta ce duk naman jirgin yankan Musulmi ne. Na tambaya ko an dafa wani da giya, ta nuna mini guda ɗaya, na tsallake shi na zaɓi rago da shinkafa. Da ta shimfiɗa farin ƙyalle ta jera cokula masu nauyi da sheƙi, na ce mata ko azurfa ce, domin ba ya halatta a gare mu mu ci da ita. Ta juya cokali ta karanta bayansa, ta ce ƙarfe ne. Na ce alhamdu lillahi, ko da yake da hannu na yi niyyar ci.

Abu na farko da ya zo ɗan ƙulli ne bai fi goro ba, a tsakiyar wani farin faranti mai faɗi. Na ɗauka shi ke nan abincin, na ce a raina lalle manya ba su da ci. Hannuna da kansa ya ɗauki wuƙa ya raba shi biyu, kamar yadda na saba raba nama a kwanonmu. Na duba damata don in ce bisimilla, sai na ga wani Bature da abin sauraro a kunne. Na nuna masa farantin da hannu, ya gyaɗa kai ya ja ƙofarsa. Sai na ji lomar ta fita raina.

Ta ɗauke, ta kawo miya mai launin kabewa. Ta ɗauke, ta kawo ƙwan kifi baƙi, ƙanana kamar riɗi, da 'yan wainoni da yankakkiyar albasa kewaye da shi. Kowanne sai in ja masa layi a tsaka in zauna ina kallo. Na sani sarai cin mutum shi kaɗai ba haramun ba ne, na sha faɗa wa masu tambaya haka. Hannun ne kawai ya ƙi tashi.

A nan ne laifina yake, kuma don shi na fi son a rubuta labarin. Kusan awa biyu na yi ina kallon gajimare, ina kurɓar ruwan lemu, ina jin tausayin kaina wai ina kewa. Sai da ragon ya iso, ƙamshinsa ya bugi hancina, na tuna da ƙwayar. In ni an kawo mini abinci har sau huɗu, to su ma na baya an ba su nasu tuni. Ya haɗiye maganinsa, yana zaune yana jiran bisimillata. Fuskar 'yarsa a tasha ta faɗo mini.

Mai hidimar ta durƙusa kusa da kujerata ta ce, “Ya Shaihu, duk farantin da na ɗauke sai in gan shi a rabe, ba a taɓa ba. Akwai abin da bai yi maka ba?”

Na gaya mata labarin a taƙaice. Ta ce doka ba ta bari na baya ya zo gaba ya ci, amma bari ta kira shugabansu. Ya zo, dattijo mai furfura a gefen kai. Na ce masa, “Ba na roƙon ka karya dokarku, baƙo yana bin tsarin mai gida. Tambaya biyu gare ni. Na gaba yana iya komawa baya?”

Ya ce, “Babu mai hana shi.”

Na ce, “Ta biyu. A wurin malamanmu, abincin da aka ajiye wa baƙo izini ne aka ba shi ya ci, ba a mallaka masa ba. Ba shi da ikon ɗauka ya ba wani sai da yardar mai gida. To wannan rago, ka yarda in ci shi da abokina a can?”

Ya tsaya yana dubana, sannan ya yi dariya har da dafa ƙirji. Ya ce ya daɗe a wannan aiki, an roƙe shi abubuwa iri-iri, wasu ma ba sa roƙo, amma ba a taɓa yi masa fatawa a kan faranti ba. Ya ce ya yarda. Ya sa aka juye ragon da shinkafar a babban faranti ɗaya, aka rufe, matar ta ɗauka da kanta. Na kwashi dabinon nan da izininsa, na bi ta.

Bayan labule wata duniya ce, mutane a jere gwiwa na gogar kujera. Muka yi ta tafiya har kusan ƙarshen jirgi. Na same shi a bakin taga, carbi a hannu, abincinsa a gabansa da murfinsa ba a ko ɗaga ba. Goshinsa ya yi gumi duk da sanyin wurin. Kujerar da ke kusa da shi, wadda tawa ce tun farko, babu kowa a kanta.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “A'a, sun maido ka? Na gaya musu tauri gare ka.”

“Ka sha maganin?”

“Tun da anka kawo wanga abu.”

“Don mi ba ka ci ba, kai Bahillacen banza? Kashe kanka za ka yi?”

“Ni da shugaban tahiya? Ƙaƙa za ni ci, in guba ce wa za ya mutu?”

Na tura masa dabino biyu na ce ya fara da su yanzu-yanzu. Ya ƙi karɓa sai da na gutsuri ɗaya na ce bisimilla. Matar ta ajiye farantin rabi a teburinsa rabi a nawa. Muka buɗe nasa, kaza ce da shinkafa ta riga ta huce, muka juye a kan ragon, muka sa hannu. Naman yana rabuwa da ƙashi ba sai an ja ba. Ya yi ta ci har gumin ya bushe, sannan bakinsa ya dawo.

“Wanga rago bai taɓa tahiya ba,” in ji shi. “Ko rijiya bai sani ba. An ji daɗinai, amma babu ciyawa cikin namanai.”

Daga baya matar ta dawo da shayi da wani faranti na cuku kala-kala, ta ce kyauta ce daga shugabansu. Abokina ya ɗauki wani mai ɗigon shuɗi ya sansana, ya ajiye a hankali ya ce, “Malam, ka tambaye ta, nonon ga tun yaushe ya rasu? A yi mishi salla.” Na fassara mata da Larabcin littafi, ta yi dariya har ta riƙe kujera. Wani fari mai laushi kuwa ya cinye shi tas, ya ce wannan mai saniyar ya san aikinsa.

A nan na zauna har muka sauka, gwiwoyina na kuka. Da muka isa masauki ɗana ya kira yana tambaya ko na ji daɗin gadon. Na yi masa addu'a mai yawa, domin niyyarsa biyayya ce, na ce masa gadon yana da kyau a ido, amma a dawowa ya bar mu a jere. Da muka komo gida na maida wa 'yar abokina ubanta da ƙafarsa, na kuma gaya mata awa biyun da na yi sakaci, ta ce ta yafe.

Har yau ranar kasuwa yana sauka a zaurena. In an kawo tuwo sai ya naɗe hannu ya ce wa waɗanda ke wurin su yi haƙuri, mai gida ya saba da cokali bakwai, sai ya zaɓa. Ni kuwa sai in ce bisimilla in fara.

Allah Ya sa albarka a kwanon duk wanda ya karanta wannan, Ya wadata gidansa da halal, Ya ba shi wanda zai ci tare da shi, Ya kuma kiyaye mu da mantawa da amanar da aka danƙa mana. Amin.