Mako Uku a Cocin Bayan Tasha

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan ruwan shuka, shekarar da nake aji shida, muka tarar iska ta yaye rufin ajinmu ta yar da kwanon a gonar gero. Saura mako uku jarrabawar shiga sakandare, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da za ta rubuta ta. Kafin hantsi malaminmu ya zo da albishir: faston cocin bayan tasha, inda wasu ma'aikatan kan iyaka da masu shagunan kayan mota ke ibada, ya ce a kawo mu. Muka ɗauki allo a ka, muka ratsa motocin Maraɗi muna tsalle kamar ranar sallah, don a cikinmu babu wanda ya taɓa leƙa cikin cocin.

Ashe ginin ba ya hutawa. Talata ana awon jarirai a baranda, Laraba matan unguwa na koyon ɗinki, masu kura kuma kullum suna cika jarkoki a famfon harabar. Mu aka ba tsakiya. A bakin ƙofa muka tuɓe takalma. Fasto ya ce ba sai mun yi ba, muka ƙi. Washegari sai ga sau-cikinsa a cikin silifas ɗinmu. Da safe mu yi shara mu juya bencina, lokacin tara mu yi 'yar carafke a gindin bishiyar bedi, da azahar matar Fasto ta shimfiɗa mana tabarmi ta jera butocin da ta sayo dominmu.

Babana direba ne, yana kan hanya lokacin. Da ya dawo ranar Alhamis ya ji inda nake karatu, bai ko sha ruwa ba ya taho don ya ɗauke ni. Ina raka'a ta biyu ta azahar na ji muryarsa a ƙofa, na kuma san in ya tafi da ni, jarrabawa ta tafi. Ya nufo sahunmu kai tsaye, sai Fasto ya tare shi da hannu. "Dakata, Alhaji, ba a gitta gaban mai sallah."

Baba ya tsaya sororo, sannan ya fashe da dariya. "Yau kuma Fasto ke koya mini sallah? Wa ya gaya maka wannan?"

"Ɗiyarka. Jiya ta yi mini faɗa."

Baba ya ɗauki buta ya yi alwala, ya yi tasa azahar a gefenmu. Da zai tafi ya nuna ni da makullin mota: "Hadiza, in kika faɗi, ni da Fasto za mu haɗu a kanki." Ban faɗi ba.

Yanzu an kewaye cocin da katanga mai waya, ana caje mai shiga, kuma ba na ganin laifin kowa. Mun san abin da yankinmu ya gani. An fito da bakin famfon waje, har yau ana ɗiban ruwa. Sai dai yaran da ke layi ba su san yadda cikin yake ba.