Bulalar Ranar Talata

Har yau idan wani ya ce da ni, "Ai ke Allah ya ba ki kan lissafi," sai in ji raina ya ɓaci. Na san yabo yake nufi, amma ni na san yadda aka yi.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Haɗejiya aka fara mana aljebra, lissafin nan da ake sa harafi a wurin lambar da ba a sani ba. Malamin lissafi ɗaya ne, wani dogon Kirista daga kudancin Kaduna, kuma raba shi muke yi da wata makaranta a Kaugama. Ranar Talata kaɗai yake zuwa mana a kan babur. Don haka sai aka tattara lissafin mako gaba ɗaya aka zuba shi a safiyar Talata, daga shiga aji har fita tara. Wanda ya tsara jadawalin nan a cikin gari yake kwana, shi ya sa abin ya yi masa kyau.

Mu kuwa daga ƙetaren kogi muke zuwa. Zangon farko yana faɗawa lokacin da ruwa ya cika fadama, hanya ta nutse, sai kwalekwale. Tsohon da ke fito ba ya karɓar komai a hannun 'yan makaranta, amma sai ya gama ƙetarar da masu kifi tukuna ya waiwaye mu. Na taɓa roƙonsa, "Baba, ranar Talata kawai ka fara da mu." Ya ce, "Jikata, kifi ruɓewa yake yi. Boko yana ruɓewa?"

Kullum a makare muke isowa, ni da ƙawata da muke ƙauye ɗaya. Dokar makaranta kuma, wanda ya makara a ba shi lauje ya yanki ciyawa har a fita tara. Sauran ranaku ba mu damu ba. Amma Talata, yankan ciyawa yana nufin lissafin mako guda ya wuce mu. Ga shi an ce jarrabawar ƙarshen zango ce za ta raba mu: masu ci su tafi ajin da ake ci gaba da aljebra, hanyar kimiyya ke nan, sauran a tura su ɗayan ajin.

Da farko wayo na yi. Na riƙa zaɓar ciyawar da ke ƙarƙashin tagar ajinmu, ina yanka ina kasa kunne. Ƙawata tana gefena, kuma tun malam bai rufe baki ba take raɗa mini amsa, alhali ko allon ba ta gani. Ita ce ke lissafa wa uwarta awon shinkafa da ka tun muna firamare. Muka yanke ciyawar wurin tas, har ya zama ƙasa muke karta. Malamin horo ya gane, ya kora mu can bayan filin ƙwallo.

Talatar da ta biyo baya, da firifet ya miƙo mini lauje sai na ƙi karɓa. Aka kira malamin horo. Siket ɗina jiƙe, ƙafata duk taɓo, na ce, "Malam, a dake ni."

"Ke, me kika ce?"

"A yi mini bulala, Malam. Bulala yanzu za ta ƙare, ciyawa kuwa sai an fita tara."

Ya ce ni mai taurin kai ce, kuma bai yi ƙarya ba. Ya zuba mini ita a tafin hannu da ƙarfi don in tuba. Ban tuba ba. Na shiga aji ina hura hannu, na riƙe biro kamar mai riƙe da garwashi. Malamin lissafi ya dube ni, ya juya ya sake rubuta abin da ya riga ya goge.

Haka muka ɗore kowace Talata har ruwa ya janye. Na lura malam ya koma share allo a hankali da safe, yana tambayar 'yan aji ko sun karya, sai ya ga na shigo ya fara. Jadawalin dai ba wanda ya taɓa shi.

Ƙawata ta gwada sau ɗaya. Da safe take surfe kafin mu fito, hannunta duk ƙuraje da tsagewa, bulalar farko ta fasa mata su. Ta koma ta ɗauki laujenta tana kuka. Da yamma nakan nuna mata abin da aka yi, amma abin da malam ya yi safiya guda yana bayani, ni da na tsinta rabi da rabi, ina zan kai shi?

Sakamako ya fito, na haye da ƙyar. Ita aka tura ta ɗayan ajin, aka ce ba ta da kan lissafi. Ban yarda ba a lokacin, kuma ba zan yarda ba har in mutu. Yarinyar da ke ba da amsa daga bayan taga! Abin da kawai na fi ta shi ne tafin hannuna ya fi nata kauri.