Asabar ɗin da Muka Kai Rediyo Gona

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da tarewa a gidana na Gwallameji ba, na taɓa shafe wata biyar ina fama da wata na'ura, alhali yawancin matsalar ba a jikinta take ba. Yanzu abin dariya yake ba ni, amma a lokacin ko murmushi ba na yi.

Mahaifina tsohon ma'aikacin sadarwa ne, kuma tun kafin a haife ni yake da lasisin rediyon 'yan sha'awa. Ba rediyon jin labarai nake nufi ba. Na'ura ce da mutum zai yi kira da ita daga ɗakinsa, wani mai irinta a wata ƙasa ya ji ya amsa. Mutanen unguwarmu a Ƙofar Wambai oba-oba suke ce mata. Shi ya koya min, har ni ma na karɓi nawa lasisin. Sai dai mun bambanta. Shi hira yake so, ni kuwa na fi jin daɗin karanta takardun na'urori, ina kwatanta wacce ta fi wacce kaifin ji.

Yana da wani aboki a arewacin Gana, tsohon malamin makaranta, Bahaushen zango. Duk Asabar bayan la'asar suke haɗuwa a kan layin rediyon da ake kira mita arba'in. Ba da murya suke magana ba, da bugun Mos ne, wato ƙwanƙwasa gajere da dogo irin na ma'aikatan tangarahu. Sun fi shekara talatin a haka. Ba su taɓa ganin juna ba, kuma ko lambar wayar juna ba su da ita. Na'urar abokin ƙarama ce, da hannunsa ya haɗa ta, saboda haka saƙonsa siriri yake isowa Bauchi.

Sai aka wayi gari mahaifina ya daina jin sa. Idan ya kunna tsohuwar na'urarsa, babu abin da ke fitowa sai shuuu, kamar ana soya wani abu a mai. Asabar ta zo ta wuce, wata ma haka. Yakan zauna ya yi ta aika kira, ba ya sanin ko ana amsawa. Daga baya ma ya daina shiga ɗakin.

Mahaifiyata ce ta kira ni gefe wata rana ta ce, "Babanku ba ya cin abinci sosai. Ba zai faɗa ba, amma zancen mutumin Gana ne. Tsoro yake ji ko ya rasu bai sani ba."

Ni kuwa tuni na yanke hukunci: na'urar ce ta tsufa. Dama na daɗe ina neman hujjar sayen wata babba da nake gani a hoto, mai allo mai launi da maɓallai kamar gaban jirgin sama. Wani abokina da zai dawo daga karatu a waje ya samo min ta hannu, ya taho da ita. Ranar da na kai ta gida har sabuwar shadda na sa.

Muka haɗa ta da eriyar da ke kan rufi, na kunna. Shuuu. Ƙarar nan dai ce, sai dai yanzu muna ganin hotonta a allo mai launi.

Mahaifina ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, na'urar tana da kyau. Amma ina jin ƙarar nan daga unguwa take shigowa."

Injiniya yake ce min idan yana son tsokana. Na ce, "Baba, ai ba a gama da ita ba tukuna. Akwai kayan da ake ƙara mata."

Bai yi musu ba. Ya ce to, Allah ya taimaka.

Na ɗauke ta na koma da ita Gwallameji. Na yi odar abu biyu. Na farko filta ce matsattsiya, wadda ke zama kusa da ƙofar shigar saƙo, ta tare tashoshi masu ƙarfi da ke gefe, ta bar wadda kake nema kaɗai ta wuce. Na biyu ɗan ƙaramin allo ne da ke hana na'urar zamewa daga inda aka ajiye ta idan ta ɗau zafi. Sai da na yi sati shida ina jira, kullum ina leƙa waya in ga inda kayan suka iso.

Ranar da zan saka su, teburin cin abinci na share, na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera notuna a cikin murfin kwano. A hankali nake taɓa komai, don in na ƙona wani abu a ciki babu mai gyara ta a garin nan. Mai ɗakina ta leƙo ta tambaye ni mene ne wannan ɗan abin da bai kai akwatin ashana ba. Na yi mata bayani mai tsawo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wato rariya ce." Na so in ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. Da na rufe na'urar, noti ɗaya ya rage a murfin kwano. Na sake buɗewa, na sake rufewa, bai sami gurbi ba. Har yau yana cikin durowa.

Na mayar da ita Ƙofar Wambai ina taƙama. An sami bambanci, ba zan yi ƙarya ba. Manyan tashoshin da ke kutsowa daga gefe sun ɓace. Amma shuuu ɗin nan tana nan daram, ta rufe duk wani siririn saƙo.

A nan ne mahaifina ya ce, "Ka gama naka? To ɗauko batirin motarka."

Muka ɗora na'urar a kan batir, ya sa aka kashe wutar gidan gaba ɗaya, har inbatar solar da ni da kaina na saka musu shekara guda kafin nan. Allurar na'urar da ke auna ƙarfin ƙarar ta sauko kaɗan. Kunya ta kama ni, don ashe wani ɓangare na ƙarar ni na kawo ta gidan. Sauran kuwa daga waje take. Muka ɗauki ƙaramar rediyonsa ta hannu muka zaga layin. Duk gidan da aka sa sola, ƙarar sai ta tashi. Da muka iso shagon cajin waya da ke bakin lungu, sai da na rage sauti.

Na ce, "Sai mu roƙe su su riƙa kashewa na awa ɗaya ranar Asabar."

Ya ce, "Mutum na neman abincinsa, in ce ya rufe shago don zan yi hira? A'a."

Wani abokina na daban ne ya kawo mafita. Tare muka yi sakandare, iyayensa makiyaya ne da suka zauna a wajen Gubi, suna da gona da 'yan shanu, nesa da turakun wuta. Da na ba shi labari ya ce, "Ka kawo Baffa wajenmu mana. Mu nan ko fitila sai ta batir."

Asabar ta gaba muka tafi tun bayan azahar. Damina ta ja baya, dawa ta fitar da kai. Muka ɗaura doguwar waya tsakanin bishiyar mangwaro da wata ɗorawa. Sai da na jefa dutse da igiya sau bakwai kafin ya haye reshe, abokina na tsaye yana ƙirga min. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, muka ɗora na'urar a kan benci, muka yi sallar la'asar.

Da na kunna, na ɗauka ta lalace. Allura ta kwanta a ƙasa, ba ta motsi. Sai da na murɗa maɓalli na ji tashoshi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, tsaf, kamar a ɗaki ɗaya muke. Ranar na fara jin abin da na saya.

Mahaifina ya sa abin saurare a kunne, ni kuma na jona nawa a gefe. Ya kai na'urar inda suka saba haɗuwa. Ba mu yi minti goma ba na ji shi: ɗan siririn bugu, a hankali, yana kiran lambar rediyon mahaifina. Fiye da wata biyar ba a amsa masa ba, amma ga shi ya zo.

Na juya da murna. Mahaifina na zaune, idonsa a kan allo, fuskarsa ba ta canza ba. Hannunsa ma ya kai kan maɓalli zai wuce gaba.

Na riƙe hannun. Na ce, "Baba, ga shi nan yana kira."

Ya ce, "Ina?"

Na ƙara sauti. Ya karkata kai, ya danna abin a kunnensa da tafin hannu, ya girgiza kai. Sannan ya cire shi ya ajiye a cinya, ya ce a hankali, "Ka amsa masa kai. Ka ce ina lafiya."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Abokina ya tashi ya ce bari ya duba shanu.

A lokacin na gane cewa ba ƙarar unguwa kaɗai ta raba su ba. Kunnen mahaifina ya daina kama siririn sauti, kuma bugun Mos a siririn sauti yake fitowa, kamar fito. Sai na tuna na'urar tana da wani maɓalli da ban taɓa kula shi ba, wanda ke sauke sautin bugun ya yi kauri ba tare da an bar tashar ba.

Na ce, "Baba, mayar da shi kunne. Idan ka ji wani abu ka ɗaga hannu."

Na fara saukewa kaɗan-kaɗan. Fiton ya koma kamar sarewa, ya ƙara kauri ya koma kamar kukan kurciya. Hannunsa na kan gwiwa. Na ƙara saukewa har na kusa ƙure maɓallin. Sai na ga yatsansa ya ɗaga, leɓɓansa sun fara motsi, yana karanta haruffan.

Daidai nan wata ƙatuwar tasha ta faɗo kusa da mu, tana bugu da ƙarfi kamar za ta fasa kunne. Na danna filtar nan tawa. Tashar ta ɓace ɗif, dattijon ya rage shi kaɗai. Ko ba komai, rariyata ta yi rana sau ɗaya a gaban shaidu.

Mahaifina ya jawo makunnin da yake buga Mos da shi ya amsa. Sai saƙo ya dawo da Hausa, harafi bayan harafi: "Alhaji, na ɗauka ka riga ni."

Mahaifina ya yi dariya har da tari. Ya buga masa: "Ina nan. Kunne ne ya riga mu duka."

Sun yi kusan minti arba'in. Ba wata magana mai nauyi suka yi ba. Ruwan bana, ciwon gwiwa, jikar abokin da ta haihu. Mahaifiyar abokina ta aiko mana da fura da nono, mahaifina ya shanye kwanonsa tas yana bugu da ɗaya hannun. Da zai rufe sai na ji ya ƙara da cewa ɗansa ne ya haɗa tashar, injiniya ne. Wannan karon ban ji alamar tsokana a ciki ba, ko da yake a bugun Mos da wuya a tantance.

Daga nan Asabar ta zama ranar Gubi. Mukan tafi da na'urar a kujerar baya, an ɗaure ta da bel kamar fasinja. Da damina a rumfar abokina muke fakewa. Har yanzu suna haɗuwa, sai dai ba kowane mako ba, don su biyun ƙarfi ya ragu.

Idan na tuna wannan lokaci, ba na nadamar sayen na'urar, kuma ba na nadamar kayan da na ƙara mata. Sun yi aikinsu da aka kai su inda za su iya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, na san adadin abin da na'urar nan ke iya ji har zuwa ɗigo, amma ban san abin da mahaifina ke iya ji ba, ga shi kusan kullum sai na je gaishe shi. Na lura yana yawan cewa "Na'am?", sai in ɗaga murya in maimaita, a raina ina cewa tsufa ne ya sa hankalinsa ke tafiya wani wuri.

Satin da ya biyo baya na kai shi aka duba kunnen. Likitar ta ce ɗaga murya ba ya taimakon irin wannan, sai ma ya dagula maganar. Ta ce in riƙa zama a gabansa yana ganin bakina, in yi magana a natse da murya mai kauri. Haka nake yi tun daga ranar.

Bayan kamar wata guda, na zo fita daga gidan, ina zaure ina sa takalmi, sai na jiyo shi yana gaya wa mahaifiyata, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa: "Yaron nan fa ya fara hankali. Kin lura ya daina yi min ihu?"

Shekarata arba'in da uku a lokacin. Na ƙarasa sa takalmina na fita, ina jin daɗi kamar an ba ni lambar yabo.